Rufaida Al-Aslamiyya: Sahabiyar Da Ta Kafa Tantin Jinya A Masallacin Annabi (SAW)

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda Ya saukar da cuta kuma Ya saukar da maganinta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, duk wanda ya taɓa kwana a asibiti yana jinyar ɗansa ko mahaifiyarsa ya san cewa likita yakan shigo ya duba mara lafiya ya fita. Wadda take nan da tsakar dare, lokacin da zazzaɓi ya hau, ruwan da aka ɗaura ya ƙare, numfashi ya fara sarƙewa, ita ce ma'aikaciyar jinya. Duk da haka akwai wani abin mamaki a tsakaninmu, a nan Jambutu da sauran unguwannin Garwa. Mutum zai kai iyalinsa haihuwa ya dage cewa shi mace yake so ta duba ta, kuma yana da gaskiya. Amma ranar da 'yarsa ta gama sakandare ta ce tana son makarantar koyon jinya, sai ya ce wannan ba aikin 'yar mutunci ba ne. To, macen da yake nema a asibiti, 'yar wa yake so ta kasance?

Saboda haka muka ga ya dace mu kawo tarihin wata baiwar Allah daga cikin sahabbai, wadda ta yi wannan aiki a gaban idon Manzon Allah (SAW), a cikin masallacinsa, kuma da yardarsa. Ita ce Rufaida Al-Aslamiyya, Allah Ya ƙara mata yarda.

Asalinta da sunanta

Rufaida 'yar ƙabilar Aslam ce, waɗanda mazauninsu yake tsakanin Makka da Madina, kuma masana nasaba suna haɗa su da Khuza'a. Aslamawa suna cikin ƙabilun da suka karɓi Musulunci da wuri. Shugabansu Buraida ɗan Husaib ya haɗu da Annabi (SAW) a kan hanyar hijira, ya musulunta tare da jama'ar da ke tare da shi. Daga cikinsu ne aka samu Salamatu ɗan Akwa'u, da Abu Barza, da Rabi'atu ɗan Ka'ab wanda ya yi wa Annabi (SAW) hidima. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya yi wa Aslam addu'ar aminci, ya yi wa maƙwabtansu Gifar addu'ar gafara. Za mu ga a gaba cewa matan waɗannan ƙabilu biyu sun yi fice wajen jinyar masu rauni.

Wanda ya fara kawo labarinta shi ne Muhammadu ɗan Ishaƙ, mai littafin Sira, kamar yadda Ibn Hisham, wanda ya rasu shekara ta 218 bayan hijira, ya adana mana. Imam Bukhari ma ya ambace ta da sunan Rufaida a littafinsa Al-Adabul Mufrad. Shi kuwa Ibn Sa'ad, wanda ya rasu a shekara ta 230, ya kawo wannan labari a littafinsa Aɗ-Ɗabaƙat da sunan Ku'aiba 'yar Sa'ad Al-Aslamiyya, ya ce ta yi mubaya'a bayan hijira, kuma ita ce mai tanti a masallaci tana jinyar marasa lafiya da masu rauni. Wannan ya sa malamai da yawa suka tafi a kan cewa mace ɗaya ce mai suna biyu, wasu kuma suka ce 'yan'uwan juna ne masu aiki ɗaya. Ibn Hajar ya sanya ta cikin sahabbai mata a littafinsa Al-Isaba, inda ya nuna cewa ana jingina ta ga Aslam, ana kuma jingina ta ga Ansar.

Madinar da ta yi aiki a cikinta

Kafin mu fahimci aikin Rufaida sai mun san irin garin da take ciki. Madina a lokacin hijira gari ne da ya shahara da zazzaɓi. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin yadda mahaifinta Abubakar da Bilal suka kwanta jim kaɗan bayan isowarsu, ta kuma ce kwarin Buɗhan yana ɗauke da gurɓataccen ruwa. Har sai da Annabi (SAW) ya roƙi Allah Ya gyara musu garin, Ya kawar da zazzaɓinsa zuwa Juhfa. Mu da muke zaune a bakin Binuwai, muka san abin da kwantaccen ruwa yake jawowa a watannin damina, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Ga kuma baƙi. Muhajirai sun baro gidajensu da danginsu a Makka. Wasu sun zo daga ƙauyuka ba mata ba 'ya'ya ba dukiya, suna kwana a rumfar da ke ƙarshen masallaci, wato mutanen Suffa. A al'adar Larabawa, kamar tamu, mara lafiya danginsa ne suke jinyarsa: uwa, ko mata, ko 'yar'uwa. Wanda ba shi da kowa fa? A kan wannan kuma sai yaƙe-yaƙe suka ƙaru: Badar a shekara ta 2, Uhudu a shekara ta 3, inda aka kashe Musulmi saba'in, wasu da dama suka koma gida da raunuka.

A wannan giɓi ne Rufaida ta tsaya. Ibn Ishaƙ ya siffanta ta da abu biyu. Na farko, tana yi wa masu rauni magani. Na biyu, ta sadaukar da kanta, don neman lada a wurin Allah, ga hidimar duk Musulmin da ya rasa mai kula da shi. Abu na farko ƙwarewa ne, na biyu kuwa niyya ce. Duk tarihin Rufaida a kan waɗannan biyun yake tsaye.

Tanti a cikin masallaci

Masallacin Annabi (SAW) a lokacin ginin tubalin ƙasa ne, ginshiƙansa kututturan dabino, rufinsa ganyen dabino, mafi yawan filinsa a buɗe. A nan ake salla, a nan ake karatu, a nan ake shawara da karɓar baƙi. A cikin wannan wuri, mafi daraja a duk garin, aka bar mace ta kafa tanti, aka riƙa kawo mata masu jini da masu ciwo.

Mu tsaya a nan mu yi tunani. Da jinya aikin ƙasƙanci ne, da can bayan gari za a kai tantin. Da kuma abin kunya ne mace ta yi shi, da Annabi (SAW) bai bari a yi shi a inda yake wucewa sau biyar a rana ba. Imam Bukhari ya ware babi guda a Sahihinsa a kan kafa tanti a masallaci saboda marasa lafiya, kuma labarin da ya kafa hujja da shi shi ne wanda za mu kawo yanzu.

Marubutan tarihin likitanci na wannan zamani suna ɗaukar tantin Rufaida a matsayin wurin jinya na farko a tarihin Musulunci. Dalilinsu a fili yake: wuri ne sananne, mai shi sananniya ce da wannan aiki, kuma ana kawo mata waɗanda ba danginta ba.

Yaƙin Khandaƙ da jinyar Sa'ad ɗan Mu'azu

A watan Shawwal na shekara ta 5 bayan hijira, daidai da 627 Miladiyya, Ƙuraishawa da Gaɗafan da abokan ƙawancensu, kimanin mutum 10,000, suka kewaye Madina. Musulmi kimanin 3,000 suka haƙa rami bisa shawarar Salmanul Farisi. An shafe kusan wata guda cikin sanyi da yunwa da tsoro, ba a yi arangama sosai ba, sai harbe-harben kibau daga tsallaken ramin.

Sa'ad ɗan Mu'azu shi ne shugaban ƙabilar Aus. Ya musulunta a hannun Mus'ab ɗan Umair tun kafin hijira, kuma dukkan gidan Banu Abdil Ash'hal suka bi shi a rana ɗaya. Nana A'isha tana cikin ganuwar Banu Harisa tare da mahaifiyar Sa'ad lokacin da ya wuce sanye da sulken da ya yi masa kaɗan, hannunsa a waje. Ta nuna wa mahaifiyar tasa damuwarta a kan haka. Abin da ta ji tsoro kuwa shi ya faru: wani Baƙuraishe mai suna Hibban ɗan Ariƙa ya harbe shi da kibiya, ta yanke babbar jijiyar jini ta hannunsa.

Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim, cewa Annabi (SAW) da hannunsa ya ƙona bakin raunin da ƙarfe mai zafi don tsayar da jinin, wanda shi ne maganin da aka sani a wancan zamani. Hannun ya kumbura, ya sake ƙonawa karo na biyu. Sannan ya yi umarni a kai Sa'ad tantin Rufaida, domin ya samu damar duba shi daga kusa.

Ku lura, ya 'yan'uwa, Sa'ad ba mutumin Suffa ba ne. Shugaba ne mai gida da dangi, mahaifiyarsa tana raye, ƙabila guda tana bayansa. Duk da haka aka ɗauke shi daga hannun danginsa aka miƙa shi ga wata mace daga wata ƙabila. Wannan yana nuna cewa akwai abin da Rufaida ta iya wanda ƙaunar dangi kaɗai ba ta bayarwa. Tantin da aka san shi da marasa galihu, shi ne dai aka zaɓa wa shugaban Aus.

Mahmud ɗan Labid ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan biya wa Sa'ad da safe ya tambaye shi yadda ya kwana, ya biyo da yamma ya tambaye shi yadda ya yini, shi kuma ya faɗa masa. Haka aka yi ta yi har kusan wata guda. Mutumin da jijiyarsa ta yanke, a zamanin da babu ƙarin jini, babu allurar kashe ƙwayoyin cuta, ya rayu tsawon wannan lokaci da ikon Allah, hankalinsa garau. Sa'ad ya roƙi Allah kada Ya ɗauki ransa sai an warware al'amarin Banu Ƙuraiza, waɗanda suka karya alkawari a tsakiyar yaƙin. Bayan an kewaye su kwana 25, aka amince Sa'ad ya yi hukunci. Daga tantin Rufaida mutanensa suka ɗauko shi, suka ɗora shi a kan jaki da matashin fata, ya je ya yanke hukunci, aka dawo da shi.

Bayan haka raunin ya ɓalle. Akwai wani tanti na mutanen Gifar a masallacin, ba su ankara ba sai suka ga jini yana gangarowa zuwa wajensu. Sa'ad ya rasu sanadin wannan rauni yana da kimanin shekara 37, aka binne shi a Baƙi'a. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Al'arshin Mai Rahama ya girgiza saboda rasuwarsa.

Akwai darasi a nan ga dangin marasa lafiya. Mafi shaharar majinyacin Rufaida bai tashi ba. Amma ba a ji wani ya tuhume ta ba, ba a ce a cire tantin ba, kuma malamai sun ci gaba da ambaton sunanta da alheri har yau. Mai jinya aikinta ƙoƙari da amana, rai kuwa yana hannun Mai shi.

Khaibar da ladan aiki

A farkon shekara ta 7, wato 628 Miladiyya, Musulmi suka nufi Khaibar, kimanin kilomita 150 arewa da Madina. Al-Waƙidi ya ce mata ashirin ne suka fita tare da rundunar, ya kuma lissafa Ku'aiba 'yar Sa'ad a cikinsu. Ibn Ishaƙ ya kawo labarin wasu matan Gifar da suka zo wurin Annabi (SAW) suka nemi izinin fita domin su yi jinyar masu rauni, su taimaka da abin da za su iya, ya ba su izini tare da sa albarka. Wata yarinya a cikinsu, wadda Ibn Sa'ad ya kira Umayya 'yar Ƙais, an ba ta abin wuya daga ganimar Khaibar. Ba ta rabu da shi ba har ta rasu.

Ibn Abdil Barr, babban malamin Malikiyya na Andalus wanda ya rasu shekara ta 463, ya kawo a littafinsa Al-Isti'ab, ta hanyar Al-Waƙidi, cewa an ba Ku'aiba kaso irin na namiji a ganimar Khaibar. Malamai sun tattauna wannan mas'ala. Abdullahi ɗan Abbas ya ce matan da suke fita jinya ana ba su kyauta daga ganima, ba ƙayyadadden kaso ba, kuma mafi yawan malaman fiƙihu a kan haka suke. Imam Auza'i kuwa yana ganin ana ba su kaso. Ko wanne aka ɗauka, abu ɗaya ya tabbata: matan da suka yi jinya ba a sallame su hannu rabbana ba. Neman lada a wurin Allah bai hana a ba su haƙƙinsu a duniya ba. Wannan hujja ce a kan duk wanda yake ganin ma'aikacin jinya da ya nemi albashinsa ya rasa ikhlasi, hujja ce kuma a kan duk hukuma ko mai asibitin da yake riƙe haƙƙin ma'aikatansa.

Ba ita kaɗai ba ce

Rufaida ta fi shahara ne saboda tantinta, amma akwai irinta da yawa. Ummu Aɗiyya ta ce ta halarci yaƙi bakwai tare da Annabi (SAW), tana tsaron kaya, tana dafa abinci, tana maganin raunuka, tana kula da marasa lafiya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ce suna shayar da mayaƙa, suna jinyar masu rauni, suna mayar da waɗanda aka kashe zuwa Madina. Anas ya ga Nana A'isha da mahaifiyarsa Ummu Sulaim ranar Uhudu suna ɗauko salkunan ruwa a bayansu suna zubawa a bakin mutane. A ranar ce kuma Nana Faɗima ta wanke raunin fuskar mahaifinta (SAW), da ta ga ruwa yana ƙara zubar jinin sai ta ƙona guntun tabarma ta liƙa tokar, jinin ya tsaya. Ta gwada hanya ɗaya, ta lura ba ta yi ba, ta canza. Wannan lura ita ce ruhin aikin jinya har gobe.

Daga irin waɗannan ruwayoyi ne malamai, ciki har da Ibn Hajar a sharhinsa na Bukhari, suka fitar da halaccin mace ta yi wa namijin da ba muharraminta ba magani idan akwai larura. Asali dai shi ne mace ta duba mace, namiji ya duba namiji, a tsare al'aura, a guji keɓancewa. Amma wannan asali ba zai tabbata ba sai an samu matan da suka koyi aikin. Malamai sun sanya ilimin magani cikin farillan kifaya, wato idan al'umma ta rasa masu yinsa gaba ɗayanta ta yi laifi.

Yadda al'ummomi suka ɗauki wannan aiki bayanta

Abin da ya fara da tanti ya zama manyan gidajen jinya a ƙasashen Musulmi. Nuruddin Zangi ya gina nasa a Dimashƙa a 1154, Sarki Ƙalawun ya gina na Alƙahira a 1284, da ɓangaren maza daban, na mata daban, da masu hidima maza da mata waɗanda ake biya daga waƙafi.

A Ingila kuwa, har zuwa tsakiyar ƙarni na 19 ana ɗaukar jinya a asibiti aikin matan da suka rasa abin yi. Lokacin da Florence Nightingale, wadda aka haifa ranar 12 ga Mayu 1820 a gidan masu hali, ta ce shi take so, iyayenta sun ƙi, kamar yadda wasu iyayenmu suke ƙi a yau. Ta dage, tana ganin kira ne daga Ubangiji. A 1854 ta tafi da mata 38 zuwa asibitin sojoji da ke Uskudar, a gefen Istanbul, lokacin yaƙin Kirimiya, sannan a 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan. Daga nan aikin ya samu tsari da jarrabawa da martaba, kuma ranar haihuwarta ce duniya take bikin ma'aikatan jinya duk shekara. Ba mu rage mata komai ba, amma ya kamata ɗalibanmu su sani cewa tsakanin tantin Rufaida da tafiyar Nightingale akwai sama da shekara 1,200.

Har yau kowace al'umma da irin kallon da take yi wa aikin. A Faransa ya daɗe a hannun mata masu zaman zuhudu na coci, ana ganinsa sadaukarwa, kafin a buɗe makarantun gwamnati. A Indiya, inda al'adar bambancin jinsi take ƙyamar taɓa jikin baƙo da abin da ke fita daga gare shi, matan Kiristoci na jihar Kerala ne suka fi rungumarsa. A Filifin ya zama hanyar fita waje neman abin rufin asirin iyali. A Japan sai a 2002 aka canza sunan aikin a doka zuwa wanda ya haɗa mace da namiji. A Saudiyya, ƙasar da Rufaida ta rayu, an daɗe ana dogaro da ma'aikatan jinya daga ƙasashen waje saboda iyalai suna ɗari-ɗari da aikin dare da cuɗanya, kuma tarihin Rufaida yana cikin abin da masu ilimi a can suka yi amfani da shi wajen jawo hankalin iyaye. A nan Kamaru, zamanin mulkin Faransa, yawancin waɗanda aka fara horarwa maza ne, irin waɗanda suka yi aiki da likita Eugène Jamot a Ayos wajen yaƙi da ciwon barci. A maƙwabciyarmu Nijeriya, Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta yi karatu a makarantar Nightingale, ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa bayan samun 'yanci.

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ta ce ma'aikatan jinya sun kai kusan miliyan 28 a duniya, sun fi rabin dukkan ƙwararrun ma'aikatan lafiya, kuma tara cikin goma mata ne. Ta ce ana da giɓin kusan miliyan 6, kuma mafi yawan giɓin yana ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, musamman Afirka da kudancin Asiya.

Idan aka duba duka waɗannan, za a ga wasu sun ɗauki jinya ibada kawai, har suka manta da haƙƙin mai yinta. Wasu sun ɗauke ta sana'a kawai, har tausayi ya fita daga cikinta. Rufaida ta haɗa biyun: ta iya aikin har aka damƙa mata shugaban Aus, ta yi shi don Allah har ta zama gatan mara gata, kuma al'ummarta ta ba ta wuri da haƙƙi.

Abin da ya rage gare mu

Mu a arewacin Kamaru mun san buƙatarmu. Da damina zazzaɓin cizon sauro yana cika gadaje da yara. Da bazara, lokacin da zafin Garwa yake haura digiri 40, ana fargabar sanƙarau. Waɗanda suka ga annobar amai da gudawa ta 2010, wadda ta faro daga yankin Arewa Mai Nisa, ba su manta ba cewa waɗanda suka tsaya a tantunan jinya dare da rana ma'aikatan jinya ne. A ƙauyuka da yawa tsakanin Garwa da Marwa da Ngaundare, ƙaramin asibitin da ke kusa ba likita a cikinsa, ma'aikacin jinya ne yake duba mara lafiya, ya karɓi haihuwa, ya yi rigakafi.

Ga iyaye: idan Allah Ya ba ka 'ya mai hankali da tausayi da son wannan karatu, kada ka kashe mata gwiwa da maganar mutane. Ka bincika makarantar, ka san inda za ta zauna da waɗanda za ta zauna da su, ka taimake ta ta riƙe suturarta da sallarta. Ga mazajen da matansu suke wannan aiki: daren da take kwana a bakin aiki, wata 'yar'uwarka Musulma ce take naƙuda a hannunta, kuma kana da rabo a ladan idan ka yi haƙuri. Samari ma haka, ɗakunan maza suna buƙatar maza.

Ga 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya: jama'a suna kuka da wasu daga cikinku, kuma ba duka kukan ne ƙarya ba. Akwai mai daka wa mai naƙuda tsawa, akwai mai duban tufafin mutum kafin ya dubi ciwonsa, akwai mai fallasa sirrin majinyaci a unguwa. Mun san gajiya da ƙarancin kayan aiki da jinkirin albashi, amma wanda yake kwance a gabanku ba shi ya jawo su ba. An san Rufaida da wanda ba shi da kowa tun kafin a san ta da Sa'ad. Bafulatanin da ya zo daga ruga ba ya jin Faransanci, da tsohuwar da ba ta da mai saya mata magani, da maƙwabcinmu wanda ba Musulmi ba, duk amana ne a wuyanku.

Ga jama'ar masallatai: Annabi (SAW) yana duba Sa'ad safe da yamma alhali yana ɗauke da al'amuran al'umma gaba ɗaya. Ya zo a hadisin Muslim cewa ranar alƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan mara lafiyar da bai je dubawa ba. Me zai hana kowane masallaci a Jambutu ya samu 'yan mutane masu zagaya asibiti ranar Juma'a, su nemo wanda ba shi da mai jinya? Me zai hana a ware wani abu daga sadakar masallaci a ɗauki nauyin karatun yarinya ɗaya ko yaro ɗaya a makarantar jinya? Me zai hana matasa su rubuta sunayensu don bayar da jini idan buƙata ta taso? Aya ta 32 a Suratul Ma'ida ta daidaita ceton rai ɗaya da ceton mutane baki ɗaya, kuma ba ta keɓe wannan ga likitoci ba.

Muna roƙon Allah Ya ƙara wa Rufaida yarda, da Sa'ad ɗan Mu'azu, da dukkan sahabban Manzonsa. Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya sanya tausayi a zukatansu da albarka a hannayensu. Ya fitar mana da irin Rufaida daga cikin 'ya'yanmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.